Bayanin Wuƙar Ɗamara ga Al'ummai da Abin da ke Rataya gare ta na Hukunci

Da sunan Allah ni ke farawa, kuma gare Shi ni ke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ajiye ƙarfe cikin duwatsu, Ya sanar da ɗan Adam hanyar fitar da shi. Tsira da aminci su tabbata bisa shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Amma bayan haka, wanga ɗan littafi ne cikin bayanin wuƙar ɗamara, wadda Larabawa ke ce ma hanjar, da kamanninta ga al'ummai, da hukuncin ɗaukarta. Abin da ya sa anka rubuta shi, ɗalibi shina karatun Risala, shi iske an ambaci wuƙa cikin maganar ado da azurfa, shi wuce, shina tsammanin wuƙar yankan nama a ke nufi, wadda babu mai hankalin da za shi ɓata azurfa gare ta. Alhali kuwa akwai ƙasashen Musulmi inda namiji ba shi fita taro sai da wuƙa bisa cikinsa, kubenta azurfa, ƙotarta ƙaho, wata ma tamaninta ya fi na doki da sirdinsa. Kuma irin waɗanga wuƙaƙe suna iso mu ta hannun alhazai da fatake. To ka sani, ya kai ɗalibi, Allah Shi yi mana muwafaka da kai, wuƙa muddin tana hannun mahauci hukuncinta sananne ne. Sai ta hau ɗamara ta zama tufa da alamar girma, sa'an nan tambaya ke tasowa ga azurfar da anka yi mata, da ƙahon da anka ƙota ta da shi, da abin da mai ita ya ƙudurta cikin zuciyarsa game da ita.

Fasali cikin rarrabe hanjar da sauran makamai

Wuƙar aiki, wadda Larabawa ke ce ma sikkin, bakinta ɗaya ne. Hanjar kuwa mafi yawa bakinta biyu, tana da tsini, tsawonta bai cika wuce kamu ɗaya ba. Takobi na sara ne, ana hango shi tun daga nesa, mai shi ba shi iya ɓoye nufinsa. Hanjar ta suka ce, ba ta aiki sai mutum ya matso har ana jin numfashinsa, kuma tana shiga cikin riga ba a gani. Domin haka ta zama makamin mutum biyu, wanda anka rutsa, da maci amana.

Misalin na farko Ummu Sulaim, uwar Anas ɗan Maliku, Allah Shi yarda da su. Ranar Hunaini, shekara ta 8 ga hijira (630), an gan ta da hanjar, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya tambaye ta dalili, ta gaya masa ta riƙe ta ne domin wanda duk ya kusance ta cikin mushirikai. Ya yi dariya, bai hana ta ba. Imamu Muslim ya ruwaito wanga labari.

Misalin na biyu kuwa shi ne musibar da ta auka ma Musulmi cikin Zulhajji na shekara ta 23 (644). Abu Lu'lu'a, bawan Mugira ɗan Shu'uba, ya ɓuya cikin masallacin Madina da hanjar mai kai biyu, ƙotarta a tsakiya. Da Sarkin Musulmi Umaru ɗan Haɗɗabi ya tada sallar Asuba, ya soke shi, sa'an nan ya ratsa sahu shina sukan dama da hagu har ya sami mutum 13, wasu sunka rasu. Da ya ga an jefa masa mayafi za a kama shi, ya kashe kansa da ita. Abdurrahmani ɗan Aufu ya ƙarasa ma mutane salla. Bayan wannan da shekara ɗari huɗu da sittin da 'yan kai, cikin Ramadan na 485 (1092), anka kashe Nizamul Mulki, wazirin Saljuƙawa, wanda ya gina makarantar Nizamiyya ta Bagadaza inda Imamu Gazali ya karantar. Wani ne ya tare shi bisa hanya kusa da Nahawandu cikin kamannin sufi mai kawo kuka, ya soke shi. Mafi yawan masu tarihi sun danganta wanga aiki ga Baɗiniyya, mutanen Hasanu Sabbahi.

Fasali cikin kamanninta da wurin ɗaura ta

Mu fara da ta kusa da mu. Buzaye suna da wuƙar hannu da su ke ce ma telek. Miƙaƙƙiya ce, kan ƙotarta gicciye, kubenta shina da zobe na fata ko na tagulla wanda a ke zura hannun hagu ciki, wuƙar ta kwanta bisa sangalin hannu, ƙota wajen tafi, tsini wajen gwiwar hannu. Tubawa da mutanen Sudan da wasu mutanenmu sukan ɗaura tasu bisa damtse, ƙarƙashin hannun riga. Hikimar wanga a fili ta ke. Mai babbar riga, bisa raƙumi, idan wuƙa tana ƙugunsa sai ya yaye tufa kafin shi kai gare ta, amma wadda ke hannun hagu, dama na miƙawa ta same ta.

Mutanen Magrib tasu sunanta kummiya, siririya ce mai ɗan lanƙwasa wajen tsini, kan ƙotarta shimfiɗaɗɗe kamar maficin hannu. Ba su ɗaura ta ga ƙugu, rataya ta su ke yi da igiyar ulu ko ta alharini daga kafaɗa, ta sauka bisa kwiɓin hagu, yadda a ke rataya gafaka.

Amma ta Yaman, janbiyya, ita ta fi cancantar a tsaya gare ta. Faffaɗa ce, gajera, lanƙwasassa, da tudu mai bin tsakiyar ƙarfen tun daga gindi har tsini domin ƙarfafa shi. Ana ɗaura ta da faffaɗar ɗamara mai surfani. Ga al'adarsu ta da, wurin da ta zauna shina faɗin asalin mai ita: ɗan kabila shina tsai da tasa daidai cibiya, cikin kube mai ƙugiya da a ke ce ma asib, sharifai da alƙalai kuwa suna karkata tasu wajen dama, cikin siririn kube da a ke ce ma suma. Kuma akwai wata al'ada tasu wadda ni ke ganin kyawunta. Idan mutum biyu sunka yi husuma sunka zo gaban shaihin kabila, kowa shina kwance janbiyyarsa shi ajiye gabansa jingina, alamar ya yarda da hukuncin da za a yanke, ba shi karɓarta sai magana ta ƙare. Zare ta cikin faɗa kuwa abin kunya ne da a ke ci ma mutum tara a kai. Dubi yadda makami ya koma mabuɗin sulhu.

Ta Uman 'yar'uwarta ce, sunanta hanjar kai tsaye, kubenta ya fi lanƙwasa, an lulluɓe shi da zaren azurfa, da zobba masu riƙe shi ga ɗamara. Surarta, bisa takubba biyu gicciye, ita ce tambarin sarautarsu, tana kuma jikin tutarsu.

Mutanen Hindu suna da katar, wadda ƙotarta sanduna biyu ne na gefe da mariƙi a gicciye tsakaninsu, sai a dunƙule hannu a kai, ƙarfen ya miƙe daga dunƙulen, a yi suka kamar mai naushi. Gurka na tsaunukan Nefal suna da kukuri mai sunkuyar da kai gaba, amma ita ta sara ce, ta fi kusa da adda. Keris ta mutanen Jawa da Malayu maganarta na zuwa.

Mas'ala ta azurfa da zinariya

Ka sani cikin mazhabar Imamu Maliku an haramta ma namiji baligi amfani da abin da anka yi ma ado da zinariya ko azurfa, sai abin da anka toge. Shaihu Halilu ya lissafa su cikin Muhtasar: Alƙur'ani, da takobi, da hancin da anka yi ma wanda nasa ya yanke, da ɗaurin haƙori, da zoben azurfa. Ya kuma bayyana haramcin ya haɗa da ɗamara da sauran kayan yaƙi. Ibnu Abi Zaidi ya riga shi cikin Risala, inda ya hana a sa azurfa ga linzami da sirdi da wuƙa. Saboda haka, bisa mashhurin mazhaba, telek ko janbiyya ko kummiya mai kuben azurfa ba ta halatta ga namiji ya ɗaura ta, ko da takobin da ke rataye kusa da ita an yi masa ado da zinariya.

Idan ka ce, mene ne bambanci, alhali duka makamai ne? Sai in ce, takobi ya zo cikin hadisi cewa na Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, akwai azurfa ga ƙotarsa, sai Malikawa sunka tsaya inda rangwame ya tsaya, ba su yi ƙiyasi a kai ba. Shafi'awa kuwa sun dubi dalili, shi ne firgita abokan gaba da nuna ƙarfin Musulmi, sunka halatta ma namiji ado da azurfa ga kayan yaƙi baki ɗaya, banda zinariya, da sharaɗin kada a yi israfi. Mutanen Yaman da yawa Shafi'awa ne, haka Jawa da Malayu. Saboda haka idan ka ga malamin Hadramaut da wuƙa mai azurfa, kada ka yi gaggawar fasiƙantar da shi, shina da liman da shi ke bi. Amma kai da ka karanta Risala, ba a ba ka wanga uzuri. Abin mamaki, Magrib ƙasar Malikawa ce, ga shi kuwa kummiya da yawa fuskar kubenta ta waje azurfa ce, ta wajen jiki tagulla. Maƙeri ya yi haka ne domin rage tsada, bai rage komai na hukunci ba.

Ni dai abin da ni ke gani, ko ga mazhabar da ta halatta, dalilin ya yi rauni ga wuƙar da ba ta taɓa ganin fagen fama ba, wadda aikinta biki da zaman majalisa. Dubi hanjar da Sarkin Rum Mahmudu na farko ya sa anka ƙera domin kyauta ga Nadir Shah na Farisa: kubenta zinariya, ƙotarta da manyan zumurrudu 3, bisa kanta ƙaramin agogo. Manzanni suna bisa hanya labari ya iske su an kashe Nadir Shah cikin tantinsa, shekara ta 1160 (1747), sunka juya da ita. Tana nan ajiye gidan sarautar Tofkafi a Istanbul. Wa anka firgita da ita?

Fa'ida: adon da ya haramta ba shi samun rangwamen da a ke yi ma adon mata na sawa. Wanda ya gaji wuƙa mai azurfa shi ƙiyasta nauyin azurfar, shi haɗa da abin da shi ke da shi na kuɗi, idan ya kai nisabi, dirhami 200, shekara ta kewayo, shi fid da zakka.

Mas'ala ta ƙaho

Darajar janbiyya ga mutanen Yaman ba ga ƙarfenta ta ke ba, ga ƙotarta ta ke. Mafi tsada ita ce ta ƙahon karkanda, wadda su ke ce ma saifani, domin shina ƙara haske da launi da yawan shafar hannu, har tsohuwa ta zama kamar zuma idan an ɗaga ta ga rana. Da can sai manya ke iya mallakarta. Da talakawan Yaman sunka tafi ƙwadago ƙasar Sa'udiyya bayan 1970 sunka komo da kuɗi, kowa ya so ƙotar sarakai, sai ƙaho ya riƙa ƙetare teku daga gabashin Afirka zuwa kasuwar San'a. Wanga ciniki, tare da na masu magani na ƙasashen Sin, shi ya cinye dabbar. Baƙar karkanda an ƙiyasta ta kusan 65,000 cikin 1970, zuwa 1995 ba ta kai 2,500 ba. Hukumar Yaman ta Arewa ta hana shigo da ƙahon cikin 1982, amma fasa-ƙwauri bai tsaya nan da nan ba. Irin karkandar da ke yammacin Afirka, wadda saurarta ta ƙare a arewacin Kamaru, maƙwabtanmu, an tabbatar da ƙarewarta cikin 2011. Maƙeran San'a sun koma ga ƙahon ɓaunar Hindu, da dutsen aƙiƙ, da itace, da roba. Kashe dabba mai girma haka domin abin da ke bisa hancinta, a bar gawarta ga ungulu, ɓarna ce bisa ƙasa, babu wanda ya san shari'a da za shi yi shakka.

Sai maganar tsarki, wadda ita ta shafi sallarka. Ga mazhabarmu ƙaho da ƙashi da kofato da farce na mushe najasa ne, haka wanda anka cire daga dabba tana da rai. Dabbar da ɓarawon daji ya harbe, ba da niyyar yanka ba, ba da ambaton Allah ba, mushe ce. Shafi'awa sun tafi ga najasar kamar mu, Hanafawa kuwa sun ce ƙashi da ƙaho tsarkakakku ne domin rai ba shi gudana cikinsu. Hauren giwa an ambaci karhancin amfani da shi cikin Risala. To wanda ke da wuƙa mai irin wagga ƙota, shi kwance ta kafin shi yi kabbara.

Idan ka ce, masana halittu sun bayyana ƙahon karkanda babu ƙashi cikinsa, daga abin da gashi ke tsira da shi ya ke, ga shi kuwa gashin mushe da sufinsa tsarkakakku ne idan an sausaye su, me ya hana a riskar da shi ga gashi? Sai in ce, tambayar mai hankali ce, amma ba ta tsayuwa. Farce da kofato su ma daga wannan asali su ke, kuma malamai sun lissafa su cikin najasa tare da ƙaho. Ashe ba su rataya hukunci ga asalin halitta ba.

Mas'ala ta ƙudurin zuciya, ita ce mafi nauyi

Keris wuƙa ce ta tsibiran Jawa da Sumatra da ƙasar Malayu. Wata miƙaƙƙiya ce, wata tana tafiyar maciji, kuma lanƙwasarta kullum mara ce, 3 ko 5 ko 7 har 13, wani lokaci fiye. Mutumin Jawa shina soke ta bayan ɗamara idan zaman lafiya a ke yi. Maƙerinta sunansa empu. Shina ɗora ƙarfe bisa wani ƙarfe mai nikel, shi narka su haɗe, shi ninke, shi buga, shi sake ninkewa sau da yawa, har zane ya fito jikin wuƙar kamar ruwa mai gudu ko hatsin da ya zube. Wanga zane sunansa pamor. Sana'a ce mai ban mamaki, har hukumar UNESCO ta lissafa ta cikin abubuwan gadon ɗan Adam cikin 2005. Girmanta ga mutanenta kuwa, ya ishe ka misali keris ɗin Diponegoro, ɗan sarki mai riƙo da addini wanda ya yaƙi Holanda daga 1825 zuwa 1830. Ta zauna ƙasar Holanda shekaru masu yawa, sai cikin 2020 anka maida ita Indunisiya, sarkin Holanda da kansa ya halarta.

Sai dai al'adar da ta gabaci Musulunci ta biyo ta. Wasu suna ƙudurta kowace keris tana da mazauni cikinta, wani zane shina jawo arziki, wani shina kawo tsiya ga wanda bai dace da shi ba. Suna ba ta suna da laƙabin girma. Cikin watan Muharram, da su ke ce ma Sura, a fito da ita a wanke da ruwan lemun tsami da wani dafin dutse da su ke kira warangan, a yi mata turare da furanni. Ka rarrabe a nan. Wankin shina da amfani sananne: tsami shina cin tsatsa, dafin shina baƙanta ƙarfe shi bar nikel fari, zane shi fito. Wanga halal ne, kamar wasa wuƙa da shafa mata mai. Amma turare da furanni domin neman yardar abin da a ke cewa shina ciki, wanga shi ne abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi inkarinsa cikin Nurul Albabi ga masu girmama itatuwa da duwatsu. Malaman Jawa su ma ba su yi shiru ba, jama'ar Muhammadiyya da Ahmad Dahlan ya kafa a Yogyakarta cikin 1912 ta yi ta wa'azi bisa irin waɗanga camfe-camfe.

Abin da ya ƙara ma wasu ruɗi, akwai keris da anka haɗa da ƙarfen da ya faɗo daga sama kusa da Prambanan cikin ƙarni na 18, wanda anka ajiye fadar Surakarta. Faɗowar ƙarfe daga sama gaskiya ce, ba tatsuniya ba. Jahangir, sarkin Hindu, ya rubuta cewa cikin 1030 (1621) wani ya faɗo ƙasar Jalandar, ya ƙi ƙeruwa shi kaɗai, sai anka haɗa kashi 3 nasa da kashi 1 na ƙarfen ƙasa, anka yi takubba 2 da hanjar da wuƙa. Wuƙar da anka samu ga gawar Tutankamun, ɗaya daga Fir'aunonin Masar, cikin 1925, an gwada ta cikin 2016 an iske ita ma daga wanga ƙarfe ta ke, domin yawan nikel da ke cikinta. Amma duk wannan bai sa shi ya wuce ƙarfe ba, kuma bai tsare Fir'auna daga mutuwa shina saurayi ba. Gatarin aradu da mutanenmu ke tsinta cikin gona su ɓoye domin magani, shi ko daga sama bai zo ba, dutse ne da mutanen farko sunka wasa kafin a san ƙira.

Kada mu yi ma mutanen Jawa dariya alhali ga 'yan tauri cikin garuruwanmu, masu shan magani su ce ƙarfe ba shi kama su. Wancan ya ce wuƙarsa tana da ikon kanta, wanga ya ce maganinsa shina da ikon hana ta, cuta ɗaya ce. Maganinta shi ne abin da ka karanta cikin tauhidi ga Imamu Sanusi, kuma da wuƙa malamai ke buga misalin. Wanda ya ƙudurta wuƙa tana yanka da ɗabi'arta, ba da ikon Allah ba, ya kafirta. Wanda ya ƙudurta tana yanka da wani ƙarfi da Allah Ya zuba cikinta Ya bar mata, ya yi bidi'a. Wanda ya ce Allah ke halittar yankan, amma ba shi yiwuwa wuƙa ta hau fata ta ƙi yanka, jahili ne, jahilcinsa kuma shina iya kai shi ga musun mu'ujizar annabawa, kamar wutar da ba ta ƙona Annabi Ibrahimu ba. Mai tsira shi ne wanda ya ƙudurta Allah ke halittar yankan yayin haɗuwar kaifi da fata, bisa al'adar da Ya gudanar, wadda Shi ke keta ta idan Ya so. Kuma keta al'ada ga hannun wanda ya bar salla, shina shan abin da bai san asalinsa ba, shina kiran sunayen da bai san ma'anarsu ba, ba a ce masa karama. Malamai suna ce masa sihiri ko istidraji, idan ma ba dabarar dakusa baki ba ce da juya wuƙa ta gefen da ba ta ci. Allah Shi ne Mafi sani.

Tammat, da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.